Kurakuran Masu Bin Bashi Idan Za Su Kai Ƙarar Mai Riƙon Kadarorin Kamfani

Kamfani ya karye da kuɗinka a ciki, an naɗa wanda zai tattara kadarorinsa ya sayar ya raba, kai kuma kana ganin yana jan ƙafa, ko ya yi wa motocin kamfanin kuɗin goro. Kana da ikon kai shi ƙara. Sai dai 'yan kasuwarmu na Wuse da Dei-Dei a Abuja sukan samo odar kotu da gumin goshi, a zo a rushe ta cikin zama ɗaya.

Tun daga ƙofa ake ɓata. Wani ofishin 'yan sanda yake nufa, wani kotun majistare. Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'ar rushe kamfanoni da karayar arziki. Kuma da zarar kotu ta ba da umarnin rushe kamfani, dokar kamfanoni ta 2020 ta hana shigar da ƙara a kansa, ko ci gaba da wadda ake yi, sai da izininta.

Babban ramin shi ne neman oda a bayan idon mai riƙon kadarorin. Lauya ya ce maka, "Alhaji, bari mu daskarar da asusun kafin ya farga." Daɗin ji gare ta. Amma sashe na 36 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, har wanda kake zargi da cin amana. A shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya, a 1989, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa odar da aka ji ɓangare ɗaya sai in akwai gaggawa ta haƙiƙa, kuma ta ɗan lokaci ce kafin a ji ɗayan. Wanda ya yi wata shida yana kallo ba zai wayi gari ya ce gobara ta tashi ba. Gyaran mai sauƙi ne: a kai masa sammaci, shaidar kaiwa ta shiga fayil, a ba shi lokacin amsawa. Abin takaicin tufka da warwarar nan, kuɗin lauyan da zai kare kansa yawanci daga tukunyar da kuke jira a raba muku zai fito.

In kuwa so kake ya biya daga aljihunsa, to sunansa ya fito cikin waɗanda ake ƙara, a zayyana laifin dalla-dalla. Kada a jefo maganar ranar yanke hukunci.

Haka batun raina kotu. Ba a tura mutum gidan yari don ka rantse ya san da odar. Fom 48 ake fara kai masa, mai gargaɗi, sannan Fom 49, mai kiransa ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ɗaure shi.

Shi ma mai riƙon yana da nasa kuskuren: ya yi biris da oda don yana ganin ba a yi masa adalci ba. Oda tana aiki har sai an soke ta. Ya koma kotun ya nemi a janye, ko ya ɗaukaka ƙara: kwana 14 gare shi in hukuncin tsakiyar shari'a ne, wata uku in na ƙarshe ne.