Bashin jari a karkarar Kebbi: inda ake yawan tafka kuskure

A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, inda Babban Bankin Najeriya ya shiga ba manoman shinkafa rancen iri da taki da kuɗin aiki. An noma shinkafa sosai, amma kowa ya san irin faman da aka sha wurin karɓo bashin. Tun daga nan ƙungiyoyi da ƙananan bankuna suke ta shiga ƙauyuka da sunan ba da jari, kuma kusan kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa. Mafi yawansu ma daga ɓangaren masu bayarwa suke fitowa.

Babba a cikinsu shi ne tsara ranar biya ba tare da duba sana'ar mutum ba. Tsarin biya duk mako ya dace da mai ƙosai ko mai shago, don kullum kuɗi na shiga hannunsu. Manomin albasa a Aliero fa? Ya zuba kuɗi a reno, ya yi dashe, ya sayi man injin ban ruwa wata da watanni, ko sisi ba ya gani sai ya cire. Idan ka ce ya fara biya bayan sati biyu, daga cikin kuɗin da ka ba shi zai riƙa ciro maka, takin da ya kamata ya zuba sau biyu ya zuba sau ɗaya. Ko da an ɗaga masa zuwa cirewa, da sauran rina a kaba, domin lokacin ne albasa ke cika kasuwa farashi ya faɗi ƙasa. Wanda ya samu ya adana ta zuwa bayan damina shi ke cin ribar. A raba masa biyan gida biyu: kaɗan bayan cirewa, ragowar bayan ya fitar da ta ajiya. Haka ma lokacin sakin kuɗin. Rancen noman rani da ya iso bayan an gama dashe, gidan biki yake tafiya, ko hannun 'yan ba-da-kaka da manomin ya riga ya ci bashinsu.

Sai maganar yadda ake tattara sunaye. Duk rancen da ya bi ta hannun ɗan siyasa, rabo ake ɗaukarsa, kuma kada a ga laifin talaka, don shi ma wanda ya rubuta sunan bai ce masa a biya ba. A bar masu sana'a su zaɓi junansu, biyar ko goma, su tsaya wa juna. A ƙauye an san mai biyan bashi, an san wanda sai an kai shi gaban mai unguwa.

Akwai kuma masu zuwa kamar ba a taɓa sanin tanadi a garin ba, alhali uwar adashi ta shekara ashirin tana riƙe kuɗin mata ba a ji kanta da kowa ba. Tsarin asusun ƙauye da ake yayi a ƙasashe da yawa yanzu, nan maƙwabta aka fara shi: ƙungiyar agaji ta CARE ce ta soma shi a Jamhuriyar Nijar a 1991, da sunan Mata Masu Dubara. Mata su haɗu duk mako su yi zubi, akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daban, a ƙirga kuɗi a gaban kowa, shekara ta zagayo a raba. Ƙungiyar da ta kai rabo ɗaya lafiya da kuɗinta, ita ce ta cancanci a ƙara mata na waje. Wadda aka haɗa jiya don an ji labarin kuɗi na tafe, ranar da aka raba mata rancen take watsewa.

Kuɗin ruwa ma na korar mutane, kuma masu tsoron Allah da riƙon amana yake fara kora, wato waɗanda aka fi buƙata. Hanyar murabaha ta warware wannan: mai ba da jari ya sayi injin ban ruwan da kansa, a ce naira dubu 200, ya sayar wa manomi dubu 230 a biya sannu a hankali, farashin ba ya ƙaruwa ko an yi jinkiri. Bankin Jaiz na irin wannan ciniki tun 2012, babu abin da zai hana ƙaramar ƙungiya yi. Ga wata fa'ida kuma, injin ba ya narkewa a cefane.

Cefanen nan shi ne babban laifin masu karɓa. Matar da ke turara shinkafa ta sayo buhun shanshera, ta gyara, ta kai inji, ta sayar mudu-mudu, kuɗin duk a ƙulli ɗaya. Yau a ciri na magi, gobe na makarantar allo, jibi maigida ya ce “ara mini, ranar kasuwar Jega zan mayar.” Ranar sayen buhu na gaba sai ta ga rabin buhu kawai take iya saye, ta ce kasuwa ce ta lalace. Ba sai ta iya rubutu ba: gwangwani biyu sun isa, ɗaya na uwar kuɗi da ba a taɓawa, ɗaya na riba. Masu ba da rancen kuma su zauna da mazan tun farko su ji sharaɗin da kunnensu, musamman inda matan ke cikin kulle, ciniki a hannun yara da miji yake.

Rabon keken ɗinki talatin a ƙauye ɗaya kuwa, ba ya buƙatar dogon bayani. Wa zai kawo ɗinkin?

Ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan, kuma duk mai noma a fadamar Argungu ko bakin kogi a Yauri ya san ruwa zai sake zuwa. A rubuta tun ranar bayarwa abin da za a yi idan gona ta nutse ko mai bashi ya kwanta ciwo: wata nawa za a ɗaga, su wa za su je su gani da ido. Kowace ƙungiya kuma ta ware ɗan zubi na daban don jinya da rasuwa, a ba wanda abin ya sama kyauta, don kada ya sayar da injin da ake bin sa kuɗinsa.