Yadda Ake Koya Wa Yara Haɗa Dabbobi Da Balan-balan

A hutun makaranta nakan tara yaran layinmu a Tudun Wada mu zauna a tsakar gida muna murɗa balan-balan. Na ga inda masu farawa ke faɗuwa, manya da yara, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne.

Kafin mu je can, a sayi irin da ya dace. Mai zagaye na bikin suna ba ya wannan aiki. Dogon siririn nan ake nema, wanda aka rubuta 260 a jikin ledarsa, wato in an hura shi kaurinsa inci 2 ne, tsawonsa inci 60. A duba wajen masu kayan kwalliyar biki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna. Kada a sayi wanda aka baje a tebur rana na dukansa, ko da an yi ragi, domin zafi yana cinye roba, kuma araha ba ta ado. Ni nakan ce a ba ni ɗaya in ja shi in gani. In ya yi fari-fari ko ya manne da ɗan'uwansa, na bar shi. A haɗa da famfon hannu. Hura 260 da baki wahala ce ko ga babba, ban yarda yaro ya gwada ba.

Lokacin hunturu sai a sa su wanke hannu da sabulu tukuna. Uwaye sun shafe su da basilin, shi kuwa mai yana raunana roba. A yanke farce.

To, ga wurin da ake faɗuwa. Yaro in ya riƙe famfo so yake ya cika balan-balan har ƙarshe, ya ga ya miƙe kamar sanda. Kada a bari. Dole a bar wutsiya, wato ƙarshen balan-balan ɗin, babu iska, kamar faɗin yatsu huɗu na babba. Dalili shi ne duk murɗawar da aka yi tana tura iska gaba, in kuwa iskar ba ta da wurin zuwa, sai ƙara kawai za a ji. Bayan an cire famfo, a saki iska kaɗan, ɗan "fus" ɗaya, sannan a ƙulla bakin. In ka matsa da yatsa ya lotsa kamar nunanniyar ayaba, ya yi. In ya yi tauri kamar kwakwa, a rage.

Wata yarinya 'yar shekara tara ta fasa uku a jere saboda ta ƙi barin wutsiya. Ta ce, "Anti, ai in na bar nan bai cika ba." Ban yi mata dogon bayani ba. Na ba ta nawa na ce ta murɗa sau ɗaya tana kallon wutsiyar. Ta murɗa, ta ga iska ta ci gaba ta cinye ɗan wuri. Ta sake, ya ƙara ci. Sai ta ɗago ta ce, "Au, ashe wurin zaman iskar ne." Tun daga ranar ita ke auna wa ƙananan da yatsunta kafin su ƙulla. Wannan a wurina shi ne babban abin da yara ke ɗauka a nan: tun kana farkon aiki ka tanadar wa ƙarshensa wuri. Bayansa sai awo, don kunnuwa biyu in ba su zo daidai ba yaro da idonsa zai gani, ba sai an gaya masa ba.

Ana fara murɗawa daga wajen ƙulli, ba daga wutsiya ba. A auna yatsu uku, a matse, a murɗa sau uku ko huɗu. Hancin dabbar ke nan. A ƙara guda biyu masu tsawo ɗaya, su ne kunnuwa. Duk murɗawa ta bi gefe ɗaya, in an fara ta dama a ci gaba ta dama, in ba haka ba na baya zai warware. Kuma hannun hagu kada ya saki hancin. A nan za ka ji "Anti, ya kwance!" daga ko'ina. Ka ce su saƙale hancin tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Sai a naɗe kunnuwan biyu su jeru, a kama gindinsu tare a juya su sau biyu. Sun kulle, yanzu ana iya saki. Na fi so kowane yaro ya maimaita kullewar nan sau biyar kafin a je ga ƙafafu, ko da zai gaji.

Siffar da aka saba farawa da ita kare ne, amma wasu iyaye a nan ba sa so a shigo musu da kare gida ko na roba ne. Abin da sauƙi: a tsawaita wuya a rage kunnuwa ya zama raƙumin dawa, ko a tsawaita kunnuwa ya zama zomo. Murɗawar duk iri ɗaya ce.

Saura ba wahala. Wuya, ƙafafun gaba biyu, a kulle kamar kunnuwa. Ciki, ƙafafun baya biyu, a kulle. Abin da ya rage wutsiya. A ɗiga ido da maka, wato alƙalamin zane, a hankali.

In ɗaya ya fashe kada a yi faɗa, a miƙa wani nan take, tsoron ƙarar yakan tafi bayan na biyu ko na uku. Amma guntayen a tsince su a lokacin. Gargaɗin da ke jikin leda ya ce yaro ƙasa da shekara 8 na iya shaƙewa da fasasshe ko wanda ba a hura ba, don haka ƙannensu masu rarrafe a ba su wanda aka gama su riƙe a gaban babba. Wanda roba ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya zauna ya yi kallo. A share tsakar gida kafin a saki awaki, su ma suna haɗiyewa.