Yadda za ka gano ciwon tsohon injin kwalekwale mai mutuwa in ya ɗau zafi

Wannan matsala duk mai tsohon Yamaha Enduro a bakin kogin Kaduna ya santa, da safe ja ɗaya inji ya tashi lafiya lau, ka yi minti ashirin ko talatin kana tafiya sai ya fara shaƙewa ya mutu, ka ja igiya har kafaɗa ta gaji ya ƙi, ka zauna rabin awa ya huce, ja ɗaya ya tashi kamar ba shi ba. Abin da yaran da ke koyo ke yi kuwa kullum iri ɗaya ne, su jira ya huce su kai shi gindin bishiya su kwance kafireta su wanke, su canza fulogi, inji ya tashi su ce an gama. To ai dama zai tashi ko ba a taɓa shi ba, tunda ya huce! Gobe kuma a tsakiyar ruwa a maimaita.

Ciwon da zafi ke kawowa da zafin ake kama shi. Saboda haka kafin ka fita ka tanadi sifanar fulogi, sabon fulogi ɗaya, tsumma, da filafili da rigar ruwa, kuma gwajin a yi shi kusa da gaɓa, kar wani ya je yi a watan Agusta ko Satumba lokacin da kogi ya cika yana ja.

Tun inji na aiki ka sa ido kan fitsarinsa, wato siririn ruwan nan da ke tsartowa ta bayansa. In babu, ko yana ɗiga kaɗan-kaɗan da tururi, kashe shi da kanka kar ka jira ya mutu. Ɗaga ƙafar injin ka duba ragar da ruwa ke shiga, a wajenmu sau da yawa ledar fiya wata ce kawai ta manne a wurin. In raga fes take sai ka zura siririyar waya a bakin fitsarin ko yashi ne ya toshe. Har yanzu babu ruwa? Impela ce, robar nan mai fukafukai da ke cikin famfon ruwa a ƙafar inji. Yashi ke cinye ta, musamman da rani in ruwa ya ja baya ana bi ta kan tudu. Ni duk shekara nake canzawa ko ta mutu ko ba ta mutu ba, kuma ba a tada inji a waje ba ruwa ko na ɗan lokaci ne, nan take take ƙonewa. Tamastat ma, abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, kan maƙale, cire shi ka jefa a ruwan zafi, in bai buɗe ba ya tashi aiki. Masu cire shi su yar gaba ɗaya, ban yarda da su ba, inji ya dinga aiki da sanyi yana ɓata fulogi.

In fitsari na fita da ƙarfi amma ya mutu, kar ka taɓa komai sai ka kalli robar da ake matsawa a tiyon mai. In ta shanye ta lafe kamar an tsotse ta, mai ba ya fitowa daga tanki. Kwance ɗan sukurun iska da ke kan murfin tanki, in ka ji fuuu to shi ne, ka manta shi a rufe ko datti ya toshe shi, gyaran kyauta. In kuwa robar ta yi laushi ba mai a ciki, iska na shiga ta wani wuri, duba mahaɗar tiyo. Akwai wata dabara, da ya fara shaƙewa ka sa yaronka ya dinga matsa robar, in ya farfaɗo ya ci gaba da tafiya to famfon mai ne, fatar cikinsa ta tsufa.

Yanzu ga inda ni na sha wahala, wato wuta. Na yi kusan wata biyu da wani inji mai ƙarfin doki 40, kafireta ta sha wanki har sau uku, na canza tiyo, na canza impela, na zagi mai sayar min da fetur a raina ba laifinsa, ashe kwayil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta. Kwayil in ya tsufa wayar cikinsa kan tsage, da sanyi tana haɗe wuta na wucewa, da ta ɗau zafi ta buɗe sai wuta ta yanke, shi ya sa duk bakaniken da na kai wa ya auna shi da sanyi sai ya ce min lafiyarsa ƙalau. Yadda za ka kama shi: da inji ya mutu, cikin minti ɗaya ko biyu, buɗe murfi, zare hular fulogi ka sa sabon fulogin nan naka a ciki, ka jingina gindinsa da ƙarfen inji, wani ya ja igiya. Riƙe da tsumma busasshe, kuma ka nisanta da tanki, in akwai fetur da ya zube a goge tukuna. Wuta mai kyau shuɗiya ce tana ƙara tas-tas. In ja ce mai rauni ko babu sam, ka samo ɓarawon. Gwada kowace silinda daban. In ɗaya na da wuta ɗaya babu, musanya kwayil ɗin biyu ka sake fita, in matsalar ta bi kwayil ta koma ɗaya silindar magana ta ƙare. In duka biyun suka ɗauke tare, da wuya kwayil biyu su mutu lokaci guda, fara da makunnin kashewa, cire farar wayarsa ka sake ja, in wuta ta dawo shi ne. In ba ta dawo ba sai a koma kan CDI, wato ɗan akwatin da ke aika wa kwayil wuta, da wani kwayil ɗin da ke ƙarƙashin fulawil, faifan ƙarfen nan da ke juyawa a saman inji, kuma kar ka yi saurin sayen CDI don tsada gare shi, ari na wani mai irin injinka ka gwada tukuna. Kwayil na hannu da ake samu a kasuwa ni na daina saye, ba ka san zafin da ya sha ba, gara ka daure ka sa sabo.

Sauran kuma ba dogon zance. Duba haɗin manka, 50 da 1 ake yi wa yawancinsu, wato rabin lita na man inji a lita 25 na fetur, kuma mai rubutun TC-W3, ba baƙin man mota ba. In man inji ya yi kaɗan fistin kan kumbura ya kama in ya yi zafi, alamarsa igiya ta yi tauri da ya mutu, ta saki in ya huce. Ka ga haka, ko ka ga ɗigon ruwa a kan fulogi wanda alama ce gasket ɗin da ke hana ruwa shiga silinda ya lalace, daina ja, sa filafili ka fita, a kai wa mai ma'aunin kwamfireshan, wato ƙarfin matsin silinda, ya auna silindar biyu. In tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kashi 10 cikin 100 sai an buɗe kan injin.