In yau ka fara riƙe holda: yadda zaka zaɓi ilektorod ka ja layinka na farko

Duk wanda ya fara koyon walda abu na farko da yake ɓata masa rai shine ilektorod, wato sandar walda, ya manne da ƙarfe, ka taɓa ya kama, ka fizga ya sake kamawa, injin yana ta gurnani, kai kuma kana cikin duhun gilashi baka ganin komai. Toh ɗan'uwa wannan ba laifin injin bane, kowa ta nan ya bi, kuma yawanci abu biyu ne ke jawo shi, ko dai wutar da ka saita tayi ƙasa ko kuma ilektorod ɗin da ka ɗauko ba na ɗan koyo bane.

Mu fara da ilektorod ɗin tunda shine mutane suke saya ido rufe. Duba gindinsa kusa da inda holda, wato abin riƙe sandar, ke kamawa zaka ga lamba, E6013 ko E6011 ko E7018. Lambar nan ba ado bace. Biyun farko, 60 ko 70, ƙarfin waldar suke nufi, wato zata jure jan da ya kai fam dubu 60 ko dubu 70 a kan kowane inci murabba'i kafin ta tsinke. Ta ukun in 1 ce to zaka iya aiki da shi a kwance, a tsaye, har sama da kai. Ta ƙarshen kuma tana gaya maka irin garin da aka lulluɓe sandar da shi da irin wutar da yake so.

Ni shawarata ga ɗan koyo 6013 kawai, kar ka wahalar da kanka. Yana kama wuta da sauƙi, baya tartsatsi da yawa, yana ci da AC yana ci da DC, wato kalar wuta biyu da injinan walda ke bayarwa, kuma in ka ja shi daidai kashin waldar, wato dattin da yake daskarewa a saman layin, da kansa yake ɗagowa ya naɗe kamar ɓawo tun kafin ka sa guduma. Aibinsa ɗaya baya shiga ƙarfe sosai, shi yasa ya dace da siraran ƙarfe, ƙofa, taga, tebur da irinsu. Shi 6011 mai haƙa ne, yana ratsa tsatsa da fenti ya shiga ciki, amma layinsa baya kyau kuma a hannun sabon shiga sai dai kaga ramuka a falanki mara kauri. Ɗan'uwansa 6010 DC kaɗai yake ci, ƙananan injin inbata da yawa ma basa iya riƙe shi, bar shi tukunna. 7018 kuwa shine na aikin da zai ɗauki nauyi, waldarsa tana da ƙarfi bata saurin tsagewa, sai dai baya shiri da danshi ko kaɗan, in ka buɗe kwalinsa ka bar shi a sarari ya sha iska to zai riƙa baka walda mai ƙananan huji kamar an caccaka da allura, shi yasa manyan wuraren aiki suke ajiye shi a cikin oben mai ɗumi. In kana da DC ka haɗa holda a wajen alamar + in zaka yi amfani da shi.

Sai kauri. Akwai 2.5mm wanda wasu ke kira geji 12, akwai 3.2mm geji 10, akwai 4mm. Kar sandar ta fi ƙarfen da zaka haɗa kauri, wannan dai ka riƙe. Mai 2.5 ka saita wuta a jikin injin tsakanin amp 60 zuwa 90, mai 3.2 kuma 90 zuwa 130, ka fara daga tsakiya sai ka riƙa ƙarawa ko ragewa da biyar-biyar, kuma ka duba jikin kwalin don kamfanin yakan rubuta nasa. In yana ta mannewa layin yana taruwa sama kamar igiya, wuta tayi kaɗan. In tartsatsi yayi yawa, gefen layin yana zaizayewa, sandar tana yin ja tun bata kai rabi ba, wuta tayi yawa.

Kafin ka kunna komai dan Allah ka nemi gilashi na gaske mai lamba 10 ko 11, ba tabarau na rana ba, ba kuma ka riƙa runtse ido kana kau da kai ba. Ni na taɓa yin wannan gangancin a farkon koyona, da rana lafiya lau, cikin dare na farka ido kamar an zuba min yashi, hawaye na zuba ban iya buɗe shi ba har gari ya waye. Safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu ta auduga don ta roba narkewa take ta manne a jiki, takalmi rufaffe. Kar ka tsaya a jiƙaƙƙen wuri. Ƙarfe mai rufin zinki hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, ka goge rufin kuma kayi a inda iska ke wucewa. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa ko kusa da shi kar ka je, ko an ce maka babu komai a ciki, tururin da ya rage ya isa ya fashe.

Yanzu samo guntun ƙarfe mai kauri kamar 6mm, ka goge shi da giranda har yayi fari, ka maƙala wayar at, wato ɗaya wayar injin wadda ba ta holda ba, a wuri mai tsabta kusa da aikin. Ka ja bakin sandar a kan ƙarfen kamar zaka ƙyasta ashana, da ta kama sai ka ɗaga kaɗan. In ta manne ka murɗa holda gefe da sauri ta ɓalle, in taƙi ka saki holdar daga sandar. Tazarar da zaka bari tsakanin baki da ƙarfe kwatankwacin kaurin sandar ne, milimita biyu zuwa uku, kuma tunda sandar tana cinyewa dole hannunka ya riƙa sauka a hankali yana binta, nan ne mafi yawa suke sakin layi, suna tafiya gaba sun manta da sauka sai wutar ta yi tsawo ta fara fesa ta mutu.

Ka karkata sandar kaɗan, digiri 10 zuwa 15, zuwa ɓangaren da kake tafiya, kana janta ba turawa ba, don kar kashin ya shiga gaba ya binne a cikin waldar. Abin da nafi so ka ji a duk bayanin nan shine inda zaka sa ido. Sabon shiga hasken yake kallo. Kai ka kalli bayan hasken, akwai ɗan tafkin narkakken ƙarfe mai sheƙi yana bin sandar, kashin yana yawo a bayansa da launi mai ɗan duhu. Wannan tafkin shi zai gaya maka gudunka, ka bar shi ya buɗe ya kai kamar ninki biyu na kaurin sandar sannan ka matsa, in ya fara tsukewa yana yin tsini to gudunka yayi yawa, in ya baje yana neman zubewa to gudunka yayi kaɗan. Ranar da idonka ya iya raba ƙarfen da kashin wallahi zaka ji hannunka ya nutsu da kansa. Jingina gwiwar hannu a tebur, ka tallafe da ɗaya hannun, ba abin kunya bane.

Kar ka fara lilo da sanda hagu da dama yanzu, miƙaƙƙen layi kawai, ka gama ka bari ya ɗan huce, ka ɓare kashin da guduma idonka a kare, ka goge da buroshin waya, ka ja wani a gefensa ya hau rabin na farkon, haka har ka cika falankin. Bayan nan ka haɗa guntaye biyu, ka ɗiga musu walda a bakin nan da bakin can don kar zafi ya janye su, ka ja layin a gefe ɗaya, sannan ka ɗaure a bais, abin matse ƙarfe, ka daka da guduma har ya karye ka duba cikinsa, in kaga gefen ƙarfen yana nan sumul bai narke ba to ka ƙara wuta kaɗan ka rage gudu ka sake wani.