Yadda za a yi gwajin ƙwaya a wurin aiki ba tare da tona asirin ma'aikaci ba

Tun bayan da Buba Marwa ya karɓi shugabancin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 2021 yake kira da a riƙa yi wa masu neman aiki gwajin ƙwaya, kuma a Kano har 'yan takarar ƙananan hukumomi an yi wa. Damuwar tana da tushe, domin binciken da aka gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Amma duk mai kamfanin da zai bi sahu ya sani cewa fitsarin da ma'aikaci ya miƙa masa amana ce.

Abu na farko shi ne a tantance aikin da ke buƙatar gwajin. Direban tankar mai, da mai sarrafa injin yanka, da mai gadin da ke riƙe da makami, kuskurensu na iya cin rai, don haka hujjar gwada su a fili take. Ban ga irin wannan hujja a kan akawu ko mai shara ba. Bayan an tantance, sai a rubuta ƙa'idar cikin takardar ɗaukar aiki, a bayyana lokacin gwaji da ƙwayoyin da ake nema da abin da zai biyo baya, ma'aikaci ya karanta cikin harshen da yake ji, sannan ya sa hannu. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar tsananin kulawa.

Inda aka fi zaluntar mutane shi ne wajen karanta sakamako. Ɗan tsinken da ake tsomawa cikin fitsari gwajin share fage ne kawai, kuma yana yin kuskure. Maganin tarin fuka na rifampicin yakan sa ya nuna alamar ƙwayoyi dangin kodin, efavirenz kuwa, wanda wasu masu ɗauke da cutar HIV ke sha, yakan sa ya nuna tabar wiwi ga mutumin da bai taɓa kusantarta ba. A dubi halin da wannan bawan Allah zai shiga: ko dai ya yi shiru a kore shi da sunan ɗan wiwi, ko ya fallasa ciwon da ko 'yan uwansa ba su sani ba, alhali dokar 2014 ta haramta nuna wa masu wannan cuta bambanci a wurin aiki. Saboda haka likita ne kaɗai ya kamata ya tambayi ma'aikaci magungunan da yake sha, su biyu a ɗaki. A raba fitsarin gida biyu a gaban mai shi, a rufe, a liƙa lamba maimakon suna, idan na farko ya nuna wani abu sai a aika na biyu babban ɗakin gwaji domin tabbatarwa. Kafin wannan sakamako ya dawo, kada a ɗauki wani mataki da ya wuce janye mutum daga aiki mai haɗari, albashinsa yana tafiya.

A kuma tuna cewa fitsari ba ya nuna ko mutum yana cikin maye a yanzu. Alamar wiwi tana iya kai makonni a jikin mai yawan sha, ta tramadol kuwa ta ɓace cikin 'yan kwanaki.

Abin da zai isa teburin manaja jumla ɗaya ce: ya dace da aikin, ko bai dace ba a halin yanzu. Ba a yarda a yi amfani da fitsarin nan wajen duba juna biyu ko ciwon sukari ba. Mace ce za ta kula da gwajin mata, takardun kuma su zauna a kulle a wajen likita, a lalata su idan wa'adin da aka rubuta ya cika.

Idan sakamako ya tabbata, a kira mutumin a keɓe, a saurare shi, a ba shi damar zuwa cibiyar gyaran hali ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, tare da rubutaccen sharaɗin ranar da za a sake gwada shi kafin ya koma bakin aiki.