Yadda Za Ka Bambance Kalmomin Turanci Masu Nufin Gushewa da Masu Nufin Faɗi

Ɗalibin da ya haddace cewa temporary, transient, ephemeral da fleeting duk suna nufin "na wucin gadi" yakan ɗauka kowacce za ta iya zama a gurbin 'yar'uwarta, kuma a nan ne ake zubar da maki a tambayoyin JAMB da ke neman kalmar da ta fi kusa da ma'ana. Hanyar da na ga ta fi sauƙi ita ce ka yi wa kalmar tambaya kafin ka fassara ta.

Tambaya ta farko ita ce: wa ya yanke wa abin wa'adi? Idan mutum ne ya tsara cewa abin ba zai daɗe ba, to kalmominka su ne temporary, provisional da interim. Temporary ta samo asali daga kalmar Latin tempus, wato lokaci, kuma ita ce ta fi dacewa da "wucin gadi", kamar katin zaɓen da hukumar INEC ta riƙa bayarwa kafin a karɓi na dindindin. Provisional kuwa tana ɗauke da sharaɗi, shi ya sa takardar samun gurbin karatu a jami'a take zuwa da ita, domin gurbin bai tabbata ba sai an tantance takardunka. Interim tana nufin abin da ya cike giɓi tsakanin abubuwa biyu, kuma Hausa tana da fassararta daidai wa daida, wato "riƙon ƙwarya". Gwamnatin Ernest Shonekan, wadda ta karɓi mulki a ranar 26 ga Agusta 1993, Janar Sani Abacha ya kawar da ita a ranar 17 ga Nuwamba na shekarar, da wannan suna aka san ta.

Idan kuwa ɗabi'ar abin ce ya gushe ba tare da wani ya yanke masa wa'adi ba, sai ka koma rukuni na biyu, kuma a nan ne aikin yake. Transient ta fito daga Latin transire, wato ƙetarewa, don haka ka riƙa tuna matafiyin da ya yada zango ya kwana ɗaya, da asuba ya ɗaure kayansa. Likitoci ma suna amfani da ita ga alamar ciwo da ta zo ta wuce. Ephemeral daga Girkanci take, asalin ma'anarta "na yini ɗaya", kuma masana ƙasa suna kiran ƙoramar da ke gudana bayan an yi ruwan sama kawai da wannan kalma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin irin wannan ƙorama a watan Agusta yana jiran ruwa ya janye, sannan ya dawo da rani ya tarar yara suna ƙwallo a kan yashinta, ya riga ya fahimci kalmar. Fleeting ta fi mayar da hankali ga sauri, kamar walƙiya, shi ya sa take tafiya da kallo, murmushi ko tunani. Evanescent ta marubuta adabi ce, tana nuna abin da ke ɓacewa a hankali kamar hayaƙi, kuma a ganina mai rubuta wasiƙar neman aiki ba shi da hurumi da ita.

Akwai tarko guda da ya kamata a ambata: momentary tana nufin na ɗan lokaci kaɗan, amma momentous tana nufin mai matuƙar muhimmanci, duk da kamar da suka yi.

Kalmomin faɗi ba su kai waɗannan wahala ba, kuma tambayarsu ita ce: me ake aunawa? Idan girman fili ne, vast ce, kamar hamadar Sahara mai faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 9. Idan yawan wuraren da abu ya kai ne, widespread ce, kamar annoba ko jita-jita. Pervasive tana nuna abin da ya ratsa ko'ina har ya shiga lungu da saƙo, kamar ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan tabarma ko da an rufe taga, kuma galibi ga abin da ba a so ake amfani da ita. Comprehensive ba ruwanta da fili. Tana nufin abin da bai bar komai a baya ba, kamar inshorar mota wadda ta haɗa da motarka da ta wanda ka buge.

Extensive, wadda ke nufin mai faɗi ko mai yawa, ita ce ta fi yawo a tsakaninsu, domin tana tafiya da ɓarna, bincike da gona. Ka kiyaye kada ka rikita ta da intensive: manomin da ya share eka ashirin ya shuka gero ya bar wa damina sauran aiki, nomansa extensive ne, shi kuwa mai ɗan lambu a fadama da ke ban ruwa safe da yamma yana zuba taki, nasa intensive ne.