Yadda Ake Haɗa Hoton HDR Daga Hotuna Uku

Duk wanda ya tsaya cikin ɗaki ya ɗauki hoton taga da rana tsaka ya san abin da ke biyo baya: ko dai tagar ta yi fari fat, ko kuwa ɗakin ya yi baƙi ƙirin, domin kyamara ba ta iya kama tsananin haske da duhu a lokaci guda kamar yadda ido ke yi. Tun a shekarun 1850 Gustave Le Gray, ɗan Faransa, yake ɗaukar sama daban, teku daban, sannan ya haɗa su a takarda ɗaya. HDR, wato haɗa hotuna masu bambancin haske su zama hoto ɗaya, shi ma haka yake, sai dai yanzu manhaja ce ke yin haɗin.

A kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, a sa ta a tsarin A ko Av (inda mai ɗauka ke zaɓar buɗin ruwan tabarau, kyamara kuma ta zaɓi tsawon lokacin ɗauka), buɗin ruwan tabarau a f/8, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, a kuma zaɓi RAW, wato nau'in fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba. Daga nan a kunna AEB, wanda zai ɗauki hotuna uku a jere: mai duhu a -2, na tsakiya a 0, mai haske a +2. Kowane mataki ninki biyu ne na haske, saboda haka hoton +2 ya ninka na tsakiya sau huɗu. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne tsawon lokacin ɗauka kaɗai ya riƙa canzawa, domin idan buɗin ya motsa, abin da ya fito sarai a wannan hoto zai dusashe a wancan, haɗin kuma ba zai zauna ba. A sa agogon daƙiƙa 2 don kada yatsa ya girgiza kyamara.

Kafin a bar wurin a duba: a hoto mafi duhu ana ganin gajimare ta tagar? A mafi haske ana ganin zanen katakon ƙofa? In ba haka ba, a ƙara zuwa hotuna biyar.

A manhajar Lightroom Classic a zaɓi hotunan, a danna Ctrl+H don haɗa su, a kunna Auto Align don ya daidaita su kan juna. Idan iska ta kaɗa ganye ko wani ya gifta, Deghost zai share inuwar da motsin ya bari. Photomatix da Luminance HDR, wanda kyauta ne, su ma suna yin wannan aiki.

Wurin gyara ne aka fi ɓata hoto. A rage haske, a ɗaga duhu sannu a hankali, kuma ni dai ina ganin gara a bar wa inuwa ɗan duhunta. Da zarar farin zobe ya bayyana a gefen rufi ko bishiya, an zarce, sai a ja baya.